Wanzami Ba Ya Son Jarfa: Wa Zai Koya Wa Mai Koya Wa Malamai?

Gabatarwa

Hausawa suna cewa wanzami ba ya son jarfa. Ga mutum wanda abincinsa ke nan ya ɗora aska a fatar jama'a, yana lallashinsu da cewa zafin na ɗan lokaci ne, kyaun kuwa na har abada, amma ran da aka ce shi ma ya miƙo tasa fuskar, sai ka ga ido ya raina fata. Dalilin da ya sa na ɗauko wannan karin magana shi ne, ina so mu tattauna a kan waɗansu ma'aikatan ilmi da ba a cika yin zancensu ba, watau mutanen nan da aka ɗora wa nauyin ƙara wa malaman makaranta sani alhali malaman suna bakin aikinsu. Su ne masu shirya bita da kwas da taron ƙara wa juna sani, su ne kuma masu shiga aji su zauna a bencin baya da biro da takarda suna duba yadda malami ke ba da darasi. Aikinsu kullum shi ne su ce wa wani: "Malam, yadda ka saba yi an daina, ga yadda ake yi yanzu."

Tambayar da nake so mu duba ita ce: shin wanda aka naɗa don ya sa wasu su sake hali, yana da bakin yin haka in shi kansa ba a taɓa ganinsa ya durƙusa gaban kowa yana koyo ba? Tambayar tana da ƙanwa: idan zamani ya juya ya bar malami a baya, a wuyan wa alhakin yaran da ke gabansa yake? Kada mai karatu ya ɗauka wannan zance ya yi nisa da mu. Da yawa daga cikinmu masu karatun Hausa a jami'a, aji ne makomarmu, kuma ba da jimawa ba za a iske waɗansunmu cikin masu riƙe da askar.

Su Wane Ne Wanzaman?

Wannan aiki ya daɗe a ƙasar nan. Tun zamanin En'e akwai malamai na musamman da ke zagaya makarantun elementare suna duba aiki, daga baya kuma aka sami sufetocin Ma'aikatar Ilmi. A da an fi ba da ƙarfi wajen kama mai laifi, a duba ko rajista ta cika, ko an rubuta tsarin darasi, ko malami ya zo a kan lokaci. Yanzu kuwa, aƙalla a bisa takarda, an ce aikin shi ne a tallafa wa malami ya ƙware.

Misali na kusa shi ne shirin nan mai suna ESSPIN, wanda gwamnatin Birtaniya ta ba da kuɗinsa daga 2008 zuwa 2017, ya kuma yi aiki a jihohi shida: Kano da Kaduna da Jigawa da Kwara da Legas da Inugu. A ƙarƙashinsa kowace jiha ta kafa ayarin inganta makarantu. Wannan ayari shi ke horar da jami'an ofisoshin ilmi na ƙananan hukumomi, su kuma jami'an su horar da hedimastoci da malamai, sa'an nan su riƙa bin makarantu suna ganin yadda abin ke tafiya. Sauran shirye-shirye ma yawanci haka suke, watau tamkar tsani ne, ilmin yana saukowa daga matakin sama har ya iso kan yaron da ke zaune a ƙasa.

To, kowa ya san abin da ke samun ruwan da aka ɗebo da tafin hannu aka miƙa wa wani, shi ma ya miƙa wa na gaba. Kafin ya kai ga mai ƙishirwa sai damshi. Abin da aka yi mako biyu ana koya wa na sama, sai a ba na tsakiya cikin kwana uku, na ƙasa kuwa ya samu cikin yini ɗaya. Hanya ɗaya ce ta rage wannan asara, ita ce kowane mataki ya zama yana da tasa rijiyar, yana karatu, yana gwaji, yana tambaya. Idan mutumin tsakiya ya zama ɗan saƙo kawai, to abin da zai kai ba zai wuce abin da ya iya riƙewa a ka ba.

Kiɗa Yana Ta Sakewa

In da ilmin da ake miƙawa abu ne tsayayye, da matsalar ta zo da sauƙi. Amma duk wanda ya dubi tarihin makarantun ƙasar nan zai ga ba a taɓa barin malami ya yi shekara goma a kan rawa ɗaya ba.

Ranar 1 ga Janairu 1973 aka daina lissafi da fam da sule aka koma naira da kwabo. Malamin da ya ƙware wajen koyar da cewa kwabo 12 ke yin sule, sule 20 ke yin fam, sai ya wayi gari an ce kwabo 100 ke yin naira, naira biyu kuma ita ce fam ɗin jiya. A watan Satumba na 1976 aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. An yi shirin karɓar yara wajen miliyan 2.3, sai kimanin miliyan 3 suka bayyana, dole aka yi ta ɗaukar malamai cikin gaggawa ana ba su gajeren horo. A shekarar ce kuma aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, don malami ya ci gaba da karatu ba tare da ya bar ajinsa ba. A 1977 aka fitar da Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda ta haifi tsarin 6-3-3-4 da aka soma aiki da shi a 1982. An sayo kayan koyar da sana'o'i, amma a makarantu da yawa sun daɗe cikin akwatunansu saboda babu lantarki, babu kuma malamin da ya san kansu. A 1999 aka ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya a Sakkwato, dokarsa ta fito a 2004. A 2015 jarrabawar shiga jami'a ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka rufe makarantu, waɗansu malamai suka tsinci kansu gaban makirfo a gidan rediyo suna koyar da yaran da ba sa gani.

Mu ma 'yan Hausa ba mu tsira ba. Ƙa'idojin rubutunmu sun sha gyara, tun daga shigo da haruffa masu ƙugiya cikin shekarun 1930, zuwa taron Bamako na 1966, da na Yamai na 1980. Wanda ya buɗe tsofaffin littattafai zai ga ana rubuta "ya ke" a rabe, yau kuwa ɗalibin da ya raba su jan biro zai sha. Malamin da ya koyi rubutu a wancan zamani bai yi kuskure ba a lokacinsa, ƙa'idar ce ta tashi ta bar shi.

Hausawa sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Gaskiya ne, sai dai karin maganar ba ta gaya mana halin da mai koyar da rawa yake shiga ba. Shi ne mutumin da ake sa ran ya iya sabuwar rawar tun kafin a gama kaɗa ta, alhali shi ma jiya ya fara jin kiɗan.

Me Ke Sa Wanzami Gudun Aska?

A ganina abin da ya fi hana mai horar da malamai ci gaba da koyo shi ne nauyin kalmomi uku: ban sani ba. A al'adarmu girman malami yana rataye da saninsa. Kalmar malam kanta daga Larabci muka aro ta, asalinta mai sanar da wani. Saboda haka wanda ake kira malamin malamai yakan ji kamar in ya furta waɗannan kalmomi a gaban jama'a, rawaninsa ne ya faɗi. Sai ya zaɓi ɗaya daga cikin hanyoyi biyu. Ko dai ya haddace kalmomin sabon tsarin ya riƙa jero su da Turanci mai nauyi don kada a yi masa tambaya, ko kuwa ya ce ai duk wannan ba wani sabon abu ba ne, an dai sake wa tuwo suna.

Ya kamata a nan mu bambanta kunya da girman kai, domin sau da yawa sukan sa riga iri ɗaya. Kunya hali ne na kirki, ita ke hana mutum tozarta wani ko tozarta kansa. Dattijon hedimasta da ya yi shiru a wurin bita don ba ya so ya yi tambaya gaban yaron da shi ya koya wa baƙi da wasali, kunya ke damunsa, kuma ana iya yi masa magani ta wajen keɓewa da shi. Girman kai kuwa shi ne mutum ya gwammace yara ɗari su tashi da kuskure da dai a gane akwai abin da ya shige masa duhu. Mai kunya yana cutar kansa ne kurum. Mai girman kai in yana matakin sama na tsanin nan, kuskurensa yakan sauko ya rarrabu a makarantu hamsin.

Abin mamaki shi ne harshenmu bai yarda da wannan rabuwa tsakanin mai bayarwa da mai karɓa ba. Ɗalibin nahawu ya san cewa tushe ɗaya ne ya ba mu "na koyi karatu" da "na koya masa karatu" da "na koyar da shi". Bisa ga rabon aikatau zuwa aji bakwai da Parsons ya yi, na farkon yana aji na biyu, na tsakiya aji na ɗaya, na ƙarshe aji na biyar, amma saiwar ba ta sake ba. Turanci yana da kalmomi biyu dabam-dabam, Hausa kuwa ta ɗauki koyo da koyarwa 'ya'yan ciki ɗaya. Ba na cewa nahawu hujja ce a kan ɗabi'a, amma yana nuna mana yadda magabata suka hangi al'amarin.

Al'adar karatun zaure ma haka ta nuna. Har gobe a biranenmu za ka ga malami mai almajirai, wanda ake zuwa ɗaukar karatu wurinsa da hantsi, shi ma da asuba ya rungumi littafinsa ya tafi zauren wanda ya fi shi, ya zauna a ƙasa ya jira layi ya zo kansa. Babu wanda ke ganin girmansa ya ragu, hasali ma abin da ke sa a amince da karatunsa ke nan. A nan ne aka sami zancen nan cewa gemu ba ya hana ilmi. Ashe tsoron "ban sani ba" bai zama dole a al'adarmu ba. Ya fi ƙarfi ne inda aka mai da takardar shaida ta zama ƙarshen karatu.

Ba Kowane Sauyi Ne Ci Gaba Ba

Wani zai ce: "To, kai ɗan jami'a, so kake duk abin da aka kawo daga Abuja ko daga ƙasashen waje mu rungume shi hannu biyu, don kada a ce muna da girman kai?" Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. Tsohon malamin da ya ga tsari ya zo ya wuce har sau biyar yana da dalilin yin shakka a kan na shida. Idan aka koya masa raba yara rukuni-rukuni a zauren otal mai sanyi, sa'an nan ya koma ajin da yara suka haura ɗari babu benci, in ya ce abin ba zai yiwu ba, magana ce ta wanda ya sani. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ga misalin da ya shafe mu kai tsaye. Tun a Manufar Ilmi ta 1977 an ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsu a shekarun farko na firamare. A ƙarshen Nuwamba na 2022 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince a faɗaɗa wannan zuwa shekaru shida. A Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilmi ya ba da sanarwar an soke wannan manufa, an koma ga Ingilishi. Yanzu mai karatu ya sa kansa a matsayin jami'in da ya yi shekaru yana zagaya makarantu yana nuna wa malamai amfanin fara karatu da Hausa, wataƙila ma ya yi aiki da littattafan "Mu Karanta!" da aka yi amfani da su a Bauchi da Sakkwato. Da wace fuska zai koma gaban malaman nan? Me zai ce musu?

Yana iya zama aku, ya faɗi sabon umarni da irin zafin da ya faɗi tsohon, kamar ba shi ne ya yi maganar jiya ba. In ya yi haka malamai za su gane cewa bakinsa na haya ne, ba za su ƙara ɗaukar zancensa da nauyi ba, ko da ran da ya zo da gaskiya. Yana kuma iya yin taurin kai, ya ce shi ba ruwansa da abin da hukuma ta ce, wanda hakan ya saɓa wa amanar aikin da ya karɓa. Hanyar da nake ganin ta dace ta fi waɗannan wuya. Ya isar da umarnin yadda yake ba tare da ɓoyewa ba, ya gaya wa malamai abin da idonsa ya gani a ajujuwa ko da bai yi daidai da umarnin ba, sa'an nan ya rubuta abin da ya gani ya aika sama. Tsani ai da hawa da sauka aka san shi. Ayarin da ke saukar da umarni kawai, ba ya hawa da labarin aji, rabin aikinsa yake yi.

Don a iya yin wannan, dole mutum ya san abin da ke tsufa da abin da ba ya tsufa a cikin ilminsa. Hausa ta ba mu kalmomi uku masu amfani a nan, watau sani da iyawa da ganewa. Sani shi ne riƙe ƙa'ida, kamar yawan kwabon da ke cikin sule, kuma shi ne ya fi saurin lalacewa, sanarwa ɗaya ta isa ta kashe shi. Iyawa ita ce ƙwarewar hannu da baki, kamar yadda ake riƙe hankalin aji ko a tsara allo, ita takan daɗe amma tana bukatar wasawa. Ganewa kuwa ita ce malami ya dubi fuskar yaro ya san ko ya fahimta ko kuwa gyaɗa kai kawai yake yi. Wannan babu ministan da ke soke ta. Mai horarwa na kirki yakan saki sani da sauƙi idan lokacinsa ya wuce, ya yi ta wasa iyawarsa, ya kuma auna kowane sabon tsari da ma'aunin ganewa: yaron ya fahimta ko bai fahimta ba?

Alhakin Wa?

A shekarar 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa a kan abin da ake koya wa 'yan aji huɗu, ta kuma ba da sanarwar cewa 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari da aka yanka ba. Aka yanke shawarar sallamarsu, ƙungiyar malamai ta shiga yajin aiki a farkon 2018, ƙasa ta rabu biyu a kan batun. Masu goyon baya suka ce yaro sau ɗaya yake yin ƙuruciya, ba za a ajiye shi ya jira malaminsa ya koyi abin da ya kamata ya sani tun tuni ba, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masu suka kuwa suka ce an hukunta na ƙasa an bar na sama.

Ni ina ganin kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Haƙƙin yaro yana gaba da na kowa, wannan babu ja. Amma mu tambayi kanmu: yawancin malaman nan ba da takardun shaida aka ɗauke su ba? Wa ya sa hannu a takardun? Shekarun da suka yi suna aiki, ba a tura masu duba su ba? Me masu dubawar suka rubuta? In muka bi tsanin nan daki-daki za mu wuce ofishin ilmi na ƙaramar hukuma, mu wuce kwalejin ilmi, har mu iso harabar jami'a inda ake yaye malaman kwalejojin. Malamaina, Allah ya gafarta muku, ban faɗi haka don rashin ladabi ba. Na faɗa ne don mu ɗalibai mu san cewa darasin da muka yi wa haddar dare ɗaya don cin jarrabawa, wata rana wani yaro a ƙauye zai biya bashinsa.

Saboda haka amsar tambaya ta biyu ita ce, alhaki yana bin iko. Gwargwadon yawan mutanen da ke sha daga hannunka, gwargwadon nauyin da ke kanka na tabbatar da ruwan mai kyau ne. Malamin aji in ya daina koyo ya cuci aji ɗaya. Mai horar da malamai in ya daina, ya cuci gunduma.

Abin Koyi Daga Gida

Ba sai mun je nesa neman misalin yadda ake yi ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru don ilmantar da matan karkara. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa alamar muƙami. Abin lura shi ne malfar ba ta zama sallama daga karatu ba. Jaji takan jagoranci mata su zo wurin Nana, su ɗauki karatu, su koma garinsu su koyar, sa'an nan su sake dawowa. Watau shugabar ayari ita ce ta farko wajen zama gaban malama.

A Bauchi kuma, wajen 1943, Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suna cikin waɗanda suka riƙa haɗuwa a wani zauren tattaunawa suna muhawara a kan al'amuran zamaninsu. Malam Abubakar yana hedimastan Midil ta Bauchi, ya haura shekara talatin, ya tafi Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Landan a 1945 ya sake zama ɗalibi. Malam Aminu ya bi sahunsa a 1946, kuma bayan dawowarsa ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Babu wanda ya ce girmansu ya ragu don sun koma benci.

Kakana na wajen uwa yana koyar da lissafi a firamare lokacin da aka sake kuɗi a 1973. Yakan ba mu labari cewa kafin a aiko musu da sababbin littattafai, in an tashi yara sai malamai su zauna a gindin darbejiya, hedimasta ya ɗauki alli ya ce wa mafi ƙanƙanta a cikinsu, wanda bai daɗe da fitowa daga makarantar horon malamai ba: "Malam, kai ne ɗanyen karatu, tashi ka biya mana." Yaron ya ce: "Ranka ya daɗe, ni a wa?" Hedimasta ya ce masa ai allo bai san furfura ba. Haka suka yi ta mai da sule naira har hannunsu ya faɗa. Ba a biya su kuɗin zama ba, ba a kuma ba su takardar shaida ba.

Abin da ya haɗa misalan nan uku shi ne, babu inda mutum ɗaya ya ɗauki nauyin sauyi shi kaɗai, kuma a ko'ina babba ne ya fara sunkuyar da kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amfanin ayari ke nan: jahilcin da ke da nauyin faɗa a gaban ɗari, yana da sauƙin faɗa a gaban abokan aiki biyar da suka saba da juna. Idan shugaban ayari ya ce "wannan ya shige mini duhu, wa ya gane?", ya buɗe wa kowa ƙofa. Idan kuwa ya nuna shi ya gama sani, kowa zai rufe tasa jakar.

Daga nan ana iya tsamo waɗansu ɗabi'u da ba sa bukatar kasafin kuɗi. Mai horarwa ya riƙa karɓar alli lokaci-lokaci ya koyar da ajin gaske mai yara ɗari, malamin ajin ya zauna a baya ya duba shi, domin wanda ya shekara goma bai tsaya gaban yara ba labarin aji kawai yake da shi. 'Yan ayari su ware lokacin da za su zauna su faɗi abin da ya gagare su a makon, maimakon jera nasarori kaɗai. In dattijo ne ake so a gyara wa aiki, a keɓe da shi, a kuma fara da tambayarsa yadda yake yi, don sau da yawa akwai hikima a ciki. In kuma ana auna nasarar bita, a bar ƙirga waɗanda suka sa hannu a takardar alawus, a je aji bayan wata uku a ga ko yara sun iya abin da ba su iya ba a da.

Kammalawa

Amsata ga tambayar farko ita ce, mai horar da malamai ba shi da bakin neman wani ya sake hali sai gwargwadon yadda aka ga shi ma yana sakewa. Takardar naɗi tana ba shi ikon shiga aji, amma ba ta ba shi kunnen malami. Kunnen nan sai an saye shi, kuma kuɗinsa shi ne malami ya shaida cewa wanda ke gyara masa ya san zafin gyara. Wanzamin da ke da jarfa a fuskarsa, in ya ce maka zafin na ɗan lokaci ne, ka fi yarda da shi, kuma hannunsa ya fi sauƙi.

'Yan'uwana ɗalibai, kalmar da ake kiranmu da ita asalinta mai nema. Nan gaba kaɗan za a sa mana riga da hula a ce mun gama, a fara kiranmu malamai. Ina roƙonmu kada mu yar da sunan farko don mun sami na biyu, domin kiɗan bai gama sakewa ba, kuma abin da muke taƙama da shi yau wata rana wani yaro zai gyara mana shi. Wanda yake da ja a kan abin da na faɗa, ko malami ko ɗalibi, filin mujallar nan a buɗe yake, ni kuma ga fuskata.